Gayyar Masu Furfura

Makabartar garinmu a ƙetaren ƙorama take. Ban san wanda ya fara zaɓen wurin ba, amma can kakannina suke kwance, kuma can kowane tsoho a garin yake sa ran a kai shi. Da rani ƙoramar ba komai ba ce, yashi ne da sawun shanu. Da damina kuwa, idan marka ta zauna, ko ƙato ba ya gigin shiga. Akwai kwalbatin da muke bi tun ina yaro, manyan bututun kankare ne aka jera aka rufe da jar ƙasa. Wata shekara ruwa ya zo da fushi, ya kwashe ƙasar, ya watsar da bututun, yashi ya bi ya binne su.

An kai kuka har an gaji. Kowane lokaci sai a turo mutane da mota mai sanyi, su tsaya a bakin gaɓa, su ɗauki hoto, su ce a yi haƙuri. Mun yi haƙurin har ya gundure mu.

A cikin haka aminin Baba ya rasu, wani tsohon maɗinki da suka tashi tare tun suna yawo ba wando. A tsakiyar marka ya rasu. Aka yi masa sutura aka sallace shi, muka ɗauko shi zuwa bakin ƙorama, sai ga ruwa ja wur yana tafe da itatuwa. Muka ajiye makara muna jira ya janye, bai janye ba. Da la'asar ta yi liman ya ce ba a barin mamaci haka, aka roƙi wani mai gona, aka haƙa a gefen geronsa aka rufe shi nan. Baba bai yi kuka ba. Ya dai daɗe yana kallon tsallake, inda iyayensu suke. A hanyar komawa ya ce da ni, "Ni ba a gihin gonar wani za a aje ni ba. Ka jiya?"

Bayan girbi sai ga 'yan kwangila sun sauka a mararrabar da ke kan hanyar Gummi. Muka yi ta murna, mun ɗauka kwalbati ne ya zo. Ashe ƙofar gari za a gina. Aka tayar da ita doguwa, aka shafe ta da fenti, aka kafa mata fitilu masu aiki da hasken rana, aka rubuta barka da zuwa da manyan baƙaƙe. Ranar buɗe ta an kafa rumfuna, motoci sun yi layi. Ni har yau in na bi ta ƙarƙashinta sai na yi tsaki, kuma ba na jin zan daina.

A lokacin ina koyarwa a Anka, sai ƙarshen mako nake hawo babur in zo gida. Duk zuwan da zan yi, majalisar su Baba a gindin tsamiya magana ɗaya take yi. Rediyo na gefe yana lissafa abin da aka ware wa wane da wane, su kuma suna ba shi amsa kamar yana jin su.

"Motoci kuma! Waɗanda anka saya bara mi yas same su?"

"Taki ya gagari talaka, man hetur ya gagare shi, sai ƙohwa anka ga ya dace a yi muna."

"Ƙohwar da ba ta da gambun ruhewa! Wa taka tsarewa?"

Baba ya fi kowa zafi. Rannan ya kashe rediyon da kansa ya ce, "Mu ba mu ce a ba mu shinkahwa ba. Ba mu ce a kai mu Makka ba. Hanyar kabarinmu ɗai munka roƙa. To, tunda sun ƙiya, gayya zan kira."

Aka yi dariya, har da ni. Gayya fa! Rabon garinmu da gayya tun kafin a san akwai zinari a ƙarƙashin gonakinmu. Da can in aiki ya fi ƙarfin mutum sai ya raba goro, duk wanda ya karɓa ya ɗauki alkawari ke nan, a fito da makaɗa, mai gayya ya ciyar, ba a biyan kowa. Yanzu kuwa duk mai ƙarfi a jika yana ramin zinari, inda ake sallamar mutum kafin ya wanke hannu.

Baba bai yi dariya ba. Ya aika aka sayo masa goro a kasuwar Gummi, ya fara da jikansa, ɗan yayana, wani ƙaton gaske mai iyali wanda ke jagorantar masu haƙa a wani rami. Ya miƙa masa goro, shi kuma ya karɓa ya ce, "Tsoho, nawa aka biyan yini?"

Wallahi a gabana aka yi. Baba ya miƙa hannu ya zare goron daga tafin jikansa, ya mayar cikin algararar da ya ƙunso goron, ya tashi ya bar wurin. Washegari ya bi gari gida-gida yana raba goron, amma tsofaffi kawai yake ba. Ya kuma sa mai shela ya faɗa a ƙofar masallaci cewa gayyar masu furfura ce, duk wanda gemunsa bai yi fari ba kada ya taka wurin.

Hankalina ya tashi. Bazara ce, rana kamar ta dafa mutum, ga mutanen da mafi ƙarfinsu da sanda yake zuwa masallaci. Na sami Inna na ce ta yi masa magana. Tana tankaɗe ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Bar shi. Ni ma na amshi goron, mu za mu dama hura."

Ranar gayya tun hantsi bai ɗaga ba na ji ganga. Na yi shekaru ban ji wannan kiɗan ba, amma yana shiga kunnena na gane shi. Tsohon makaɗin noman garinmu ne, wanda kowa ya ɗauka ya yi ritaya, ashe ya sake wa gangarsa fata a ɓoye. Na fito da gudu, sai ga su sun jero. Kai, ranar na ga abin kallo! Wani da galma, wani da kwandon da gindinsa ya huje, wani ya ɗaure kai da tsohon rawani. Akwai wanda ya tono warkinsa na fata tun na samartaka ya ɗaura a kan wando, yana tafe yana rangaji. Baba na gaba, shebur a kafaɗa, yana taku ɗaiɗai kamar ango.

Na bi su na kama kwando zan sauka cikin yashi. Baba ya tare ni, ya kama haɓata ya juya ta hagu da dama yana duba gemuna, ya ce, "Naka bai nuna ba. Hau sama." Haka na koma bakin gaɓa ina cizon yatsa, tsofaffi suna yi mini dariya.

Suka fara tono. In faɗi gaskiya, aikin ba ya gaba. Mutum zai sari yashi sau biyu ya dafa ƙugu, ya yi salati, ya tsine wa tsadar magani, sannan ya sake sara. Amma ihun da suke yi sai ka rantse dutse suke fasawa. Makaɗi yana bin su ɗaya bayan ɗaya da taken kowa, mutum ya ji nasa sai ya cira galma sama ya yi kirari da muryar da ta shaƙe. Ni ina sama, dariya na cina, hawaye kuma na zubo mini.

To, hanyar ramukan zinari ta nan take ratsa ƙorama da rani. Can sai ga ayarin babura, samari bibbiyu uku-uku, da diga da guduma ɗaure a baya. Na gaba ya taka birki, na baya suka taka. Suka kashe injuna suka yi cirko-cirko. Ɗan yayana yana cikinsu. Kusan kowa a cikinsu akwai kakansa ko ubansa a cikin yashin nan, tsirara daga ƙugu zuwa sama, haƙarƙari a waje.

Makaɗin nan tsohon gwani ne. Bai kalle su ba. Sai kawai ya juya kiɗa ya shiga taken kakanninsu da suka mutu, waɗanda ke kwance a tsallake, yana kiran gidajensu ɗaya bayan ɗaya yana tambaya ko an bar magaji. Daidai nan Inna ta iso da tsofaffin mata, ƙoren fura a ka. Ta hango jikanta. Tun yana jariri mijinta take ce masa, irin wasan kaka da jika. Ta sauke ƙwarya ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Ke, ku zo ku gane min mijin banza! Ƙato har ƙato, shina kallo tsohon mijina shina aiki. Na sake ka, ba ni so, na koma ma tsohona!"

Mata suka sa guɗa. Ɗan yayana ya jingine babur, ya kwance digarsa, ya diro cikin yashi. Baba ya tare shi da shebur a gicciye.

"Ina za ka? Mu ba mu da abin biyan yini."

"Tsoho, ka yi haƙuri."

"Haƙuri na da yawa garin ga, kullum shi aka kawo muna cikin mota. An yi shela, ba ka jiya ba? Ina hurhurarka?"

Har ganga ta tsaya. Na ce a raina shi ke nan, taurin kan tsohon nan zai ɓata komai. Ɗan yayana ya tsaya yana huci. Sai ya juya ya hau gaɓa, ya nufi ƙwaryar Inna, ya cusa hannu ya dumbuzo garin geron da ake barbaɗa wa fura, ya shafe gemunsa da shi, ya shafe gira, ya zuba saura a ka. Ya dawo fari fat ya tsaya gaban kakansa ya ce, "Ga ta."

Baba ya dube shi, ya dube shi. Sai dariya ta ƙwace masa har shebur ya faɗi. Ya laluba aljihu ya ciro goro ya danƙa masa.

Abin da ya biyo baya ba na iya ba da labarinsa a zaune. Samari suka yi wa ƙoren fura rubdugu, kowa na neman gari. Inna na dukan hannuwa da ludayi tana cewa za su bar ta da fura tsirara. Da gari ya ƙare aka koma toka. Akwai baƙi cikinsu, mutanen wasu jihohi da neman zinari ya kawo, ba su da kowa a makabartarmu, su ma suka shafa suka shiga. Ni ma na samu ɗan abin da ya rage a gindin ƙwarya na goga, na diro, ba wanda ya hana ni. Ganga ta dawo da ƙarfi. Mutanen da suka saba bin rami cikin dutse, yashi wasa ne a wurinsu. Kafin azahar bakin bututu na farko ya bayyana, aka zura igiyoyi, aka sa ƙarafa aka ɗaga, ana ja ana amsa waƙa, har ya mirgino ya zauna inda yake tun asali. Ihun da aka yi na tabbata an ji shi a mararraba.

Aikin bai ƙare ranar ba, ya ɗauki kwanaki. Tsofaffi suka fito da dammunan dawa daga rumbu aka musanya da siminti. Samari suka fasa duwatsu suka jera, aka yi ta jidar jar ƙasa da amalanke. Masu furfurar gaske suka koma inuwa suna ba da umarnin da ba wanda ya tambaye su, rediyo a gefe, suna ci gaba da faɗa da shi. Ba a yi fenti ba, ba a kafa allo ba. Ruwan farko da ya cika ƙorama, Baba ya yafa buhu ya fita, muka bi shi. Ya hau kan kwalbatin ya buga ƙafa, ya ƙetare, ya yi wa iyayensa addu'a, ya dawo yana washe baki ya ce, "To, yanzu in na ga dama in mutu."

Bai ga dama da wuri ba. Ya ƙara ganin damina, ya ƙara zagin rediyo, ya ci goron sunan tattaɓa-kunne. Da lokacinsa ya yi, a cikin marka ya zo, kamar yadda ya yi ta tsoro. An kwana ana ruwa an wuni ana yi. Muka sallace shi muka ɗauko, muka bi ta gefen gonar geron nan, muka ɗan tsaya daidai kabarin amininsa kamar yadda ya bar wasiyya. Daga nan muka gangara. Ƙorama ta cika ta batse, ja wur, tana ruri cikin bututun har muna jin motsinta a tafin ƙafa. Ni da ɗan yayana muke riƙe da gaban makara. Muka hau, muka ƙetare da shi zuwa wurin iyayensa, ko ƙafar wandonmu ba ta taɓa ruwan ƙorama ba.