Inna Hure, Mai Neman Ƙwaro a Buhun Wake

Kafin a naɗe tabarmin sallar asuba, Inna Hure ta riga ta surfe wakenta, ta wanke, ta kai markaɗe. Ƙarfe bakwai kasko yana kan murhu, ƙosai yana tashi, ga koko a gefe cikin roba mai murfi. Da hantsi ta sauke kasko ta ɗora tukunyar garau-garau, shinkafa da wake da mai da yaji. Shekara ashirin da shida ta yi tana wannan aiki a rumfa ɗaya, a bakin kasuwar wani ƙaramin gari tsakanin Bagwai da Kunci. Ba zan faɗi sunan garin ba. Ba wai sun cancanci a rufa musu asiri ba ne, sai dai ita a can take zaune.

Ni baƙo ne. Gyaran rijiyoyin burtsatse ya kai ni, na yi wata biyu a ɗaki ɗaya na gidan malaman firamare. Kasuwa ranar Laraba take ci. Sauran ranaku kuwa shago biyu ne a garin, sai mai shayi guda wanda burodinsa ya fi dacewa da jifan akuya. Saboda haka cikina a hannun Inna Hure yake, safe da rana.

Wata Laraba na shiga sayen sabulu da sukari, sai na gan ta a layin masu hatsi. Ta cusa hannu cikin buhu har gwiwar hannu, ta ɗebo wake ta sunsuna, ta baza shi a tafinta tana juyawa da yatsa.

Na ce, "Inna, me kike nema haka?"

Ta ce, "Ƙwaro, ɗan nan."

Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta ce, "Ga damina ta faɗi, waken bara ne wannan. In ka gan shi fes, ba huda ko ɗaya, to wa ya tsare shi? Wanda aka ajiye da barkono ko a jarka na san shi. Wanda ƙwaro ya ƙi ci kuma yana wari, ni ma na ƙi."

A ranar na san cewa wasu masu ajiyar hatsi maganin feshin gona suke zuba wa wake a buhu don kada ya lalace kafin ya yi tsada. Malam Muhammadu Sani, shugaban firamaren, ya shaida mini cewa ranar da Inna Hure ba ta sami waken da ta yarda da shi ba, ba ta hura wuta. Ya ce sau da yawa ya zo ya tarar da murhunta a sanyaye, mutane suna ta mita, ita tana zaune tana ba su haƙuri.

A mako na biyar da zuwana, Alhaji Abdulkabir, wanda ya fi kowa rumbun hatsi a garin, ya buɗe ajiyarsa ya fito da wake fari tas. Mutane suka yi masa caa. Inna Hure ta ɗebo ta sunsuna, ta mayar, ta goge hannunta a zani. Ta ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, wannan an zuba masa magani, kuma bai sha iska ba. Kada a sayar wa masu yara." A gaban jama'a ta faɗa, da muryar da take kiran masu sayen ƙosai.

Alhaji ya ce, "Hure, yaushe kika zama likita?" Aka kwashe da dariya. Ina wurin, kuma ban ce uffan ba. Har yau ina jin kunyar wannan shirun.

Kwana biyu bayan haka aka yi suna a wani gida, aka yi alale da waken nan. Raudatu, ma'aikaciyar ɗakin shan magani, ita ta karɓi mutum tara masu amai da jiri, huɗu daga ciki yara ne. Ta ce mini ƙaramar cikinsu da ƙyar aka samo kanta. Allah ya sa babu wanda ya rasu.

To, me kuke tsammani garin ya yi? Kun ɗauka an tafi rumfarta an ce Inna kin yi gaskiya? Wallahi ba a je ba. Cewa aka yi bakinta ne ya kama masu suna, wai da ba ta furta ba da babu abin da zai faru. Masu hatsi kuma suka ce ta ɓata wa kasuwa suna, motocin birni za su daina zuwa lodi. Manya masu gemu, waɗanda suka san abin da ke cikin buhun sarai, su ne suka fi ɗaga murya. Raina ya ɓaci a lokacin, kuma yanzu da nake rubutu bai huce ba.

Sarkin kasuwa ya kira ta ya gindaya mata sharaɗi. Ko dai ranar Laraba ta tsaya a layin hatsi ta ce kuskure ta yi, ta sayi kwano ɗaya na waken Alhaji kowa ya gani, ko kuma ta bar rumfa. Laraba ta zo, gari ya taru yana jira. Inna Hure ta iso, ta wuce layin hatsi ko waiwaye babu, ta ɗaure kaskonta da tukwanenta, ta ɗora a ka ta fita.

Ke ce mai ciyar da gari, Inna Hure. Ke ce kika ciyar da malamai da direbobi da baƙi irina, babu wanda ya taɓa riƙe ciki saboda abincinki. Ba ki da takarda, ba ki da ofis, hancinki da tsoron Allah kawai kike da su, kuma sun fi amfani a garin nan fiye da duk masu rawanin da suka kore ki.

Yanzu a ƙofar gidanta take suya, can bayan filin Idi, inda ba kowa ke iya takawa da safe ba. Rabin masu sayenta sun watse. Ranar da zan bar garin na je sallama, na ce, "Inna, kalma ɗaya ce fa, da kin faɗa da kina rumfarki."

Ta juya ƙosai a mai, ta ce, "In na ce lafiyarsa ƙalau, gobe wata za ta saya ta dafa wa 'ya'yanta don Hure ta faɗa. Rumfa kara ce da langa-langa, ɗan nan. Riƙe wannan ka ci a hanya."

Na gode, Inna. Allah ya saka miki, ya ƙara miki lafiya, ya yafe mini shirun da na yi. Masu sayar da abinci a ko'ina kuke, ku cusa hannu cikin buhu kamar yadda take yi, kuma ku faɗi abin da kuka ji ko buhun na wane ne. Ku kuma mutanen garin, hanyar filin Idi ba ta da nisa, ku je ku ba ta haƙuri ku dawo da ita. Ragowar waken nan har yanzu ana auna shi a kasuwarku duk Laraba, kuma 'ya'yanku ne za su ci.