Ranar da Na Cire Masu Tsaron Baya

A shekarar da ƙafar Baba ta ƙi ɗaukarsa, ni ya danƙa wa gona, don ni ne babba. Bai yi mini dogon wa'azi ba. Abu ɗaya ya ja mini kunne a kai: 'yan kunyoyin waken da ke bakin burtali, inda dabbobi suke wucewa. Wani farin wake ne mai manyan ƙwayoyi, irin da ya gada wurin kakanmu, ko a kasuwar Bici ba a samunsa.

"Gero in ya lalace a sayo," in ji shi. "Wannan kuwa babu inda za ka sayo shi."

A garinmu gona tana jingine da gona, don haka awaki suna turke tun daga shuka har sai mai unguwa ya sa an yi shelar saki. Amma mun san halinmu. Duk wanda geronsa ya shiga rumbu, sai igiyar akuyarsa ta fara tsinkewa da kanta. Shi ya sa Baba ya ce Kawu da ƙanena mai bi mini su riƙa wuni a gindin ɗorawa suna gadin waken har ya ƙosa. Ni kuwa zaman nan yana ci mini rai. Ƙarti biyu, suna shan rake suna hira, ga gyaɗa an cire tana zube a gonar arewa tana jiran kwasa! Duk wucewar da na yi ta wurin sai na ja tsaki.

Wata ranar bayan la'asar na hau babur na tafi gidan kallo. Wasan ƙasa da ƙasa ne, babba, an riga an zura mana ɗaya, lokaci kuma yana ta zurarewa. Na kasa zama a kan benci, in tashi in zauna, har na bayana ya ce in ba zan zauna ba in fita. Can sai kocinmu ya yi abin da ya hargitsa ɗakin: ya cire 'yan baya biyu, ya zuba 'yan gaba.

"Mutumin nan ya haukace!" in ji wani tela da ke kusa da ni. "Wa ya bar wa gidan?"

Kafin ya rufe baki mun farke. Dab da tashi muka ƙara. Na fito murya ta dishe, duk hanya ina ce wa kaina, haka ake jagoranci, ba zaman gindin ɗorawa ba.

Washegari da azahar hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Gyaɗa in ruwa ya dake ta a zube, sai ta yi baƙi. Na doshi ɗorawar nan da gudu.

"Kawu, ku taso, kowa ya koma gyaɗa!"

"Ɗan nan," in ji Kawu, "Malam cewa ya yi kada mu ɗaga."

"Malam yana kwance, ni nake gona. Yanzu za mu dawo."

Ƙanena ya ce, "Yaya, da safe na ga awakin unguwar yamma a sake."

Na ce masa tsoro ya yi masa yawa. Har labarin kocin na ba su muna tafe, abin da nake jin kunyar tunawa har yau.

Mun kwashe gyaɗar tsaf, amalanke ya yi sawunsa na ƙarshe kafin magariba. Hadarin ya yi ta gurnani, ya taso da iska, sannan ya watse. Ko ɗigo bai sauka ba. Da muka biyo ta burtali, ƙanena ne ya fara tsayawa. Awaki da tumaki cike da kunyoyin, ko ɗago kai ba su yi ba. Abin da suka rage ɗanye ne shar, ba zai yi iri ba.

Ni na gaya wa Baba da bakina. Yana kishingiɗe a soro, ya rage muryar rediyonsa ya saurare ni har ƙarshe, da gyaɗar, da hadarin, da kocin. Na so ya yi faɗa, ya ƙi.

"Shi mai horar da 'yan ƙwallon nan," ya ce, "da an ci shi jiya, zai sake buga wani wasan?"

"Zai sake, Baba."

"To."

Ya sa Inna ta ɗauko wata kwalba daga ƙarƙashin gadonsa. Waken ne a cikin toka, bai fi cikin tafin hannu ba. Ban taɓa sanin ya ɓoye shi ba. Na matsa, na miƙa hannu biyu.

Baba ya riƙe kwalbar a cinyarsa.

"Kira mini ƙanenka," ya ce.