Jawabi na Ashirin da Biyar

Shekara talatin da ɗaya ya yi a ɗakin ajiyar fayil, kan tebur ɗaya, kusa da tagar da ba ta rufuwa. A ofis Baban Jawabi ake ce masa, domin duk wanda zai yi ritaya, shi ke rubuta jawabin bankwanarsa. Sau ashirin da huɗu ya yi wannan aiki. A zatonsa ba wanda ya san jawabin guda ɗaya ne, yana kwance a aljihun tebur na ƙasa. Suna da shekaru kawai yake canzawa. Kowa mai haƙuri ne, mai riƙon amana, ba ya makara, har da ɗan sito wanda bai taɓa isowa kafin ƙarfe goma ba.

Da nasa lokacin ya zo, shugaban ofis ya ce ai ba a wasa wa maƙeri wuƙa, ya rubuta nasa da kansa. Kwana uku yana fama. Duk layin da ya ɗauko sai ya zame ya koma tsohon. Ya tambayi matarsa wane irin mutum ne shi. Tana ninke kaya ta ce shi ne dai, mai cin abinci a tsaye kamar ana korarsa. Bai ga yadda wannan zai shiga jawabi ba. Da ya koma ofis ya jawo aljihun tebur, ya ɗauko tsohon jawabin, ya sa sunansa.

Ranar liyafa shugaba ya fara karantawa. Daga layi na uku sai ya ga leɓunan abokan aiki suna motsi tare da na shugaba, wasu na danne dariya. Ashe kowa ya haddace. Mutum ɗaya ce ba ta sani ba: 'yarsa ta fari, tana gaba tana share hawayen alfahari. Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Da aka ba shi dama ya yi godiya, ya miƙe.

"Wanda aka karanta ɗin nan ban san shi ba," in ji shi. "Ni dai na san shekara tara da suka wuce na ɓatar da fayil, na yi shiru aka kori masinja. Bayan wata biyu na tsince shi a bayan kabad ɗina. Ban faɗa wa kowa ba."

Ba wanda ya tafa. Shugaba ya yi gyaran murya, ya miƙa masa kyautar agogon bango, aka watse.

A hanya 'yar ta rungume agogon, ba ta dube shi ba har suka wuce tashar mota. Can ta ce, "Baba, masinjan yana da rai?"

Ya ce yana nan, yana gadi a wata makaranta.

"Ka san gidansa?"

Ya sani. Shekara tara ke nan yana kauce wa layin gidan.

Ta tsaya ta gyara riƙon agogon. "To ta can za mu bi."