Mutumin da Ya Baje Kunkuru

Duk wanda ya tashi a Kansofu ya san Bashi Lombe, ko da bai taɓa jin sunansa na takarda ba. Chilekwa Mpundu ne, amma tun da matarsa ta haifi ɗansu na fari aka koma kiransa Bashi Lombe, wato uban Lombe, kamar yadda muke yi wa kowane magidanci. Shekara talatin da huɗu ya yi yana kula da filin ƙwallon garinmu. Shi ke yankan ciyawa, shi ke ban ruwa, shi ke zana layi da farar ƙasa, shi kuma ke korar awakin unguwar ma'aikata da irin ashar ɗin da fastonsu ma ya gaji da yi masa wa'azi a kai. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ga taurin kai irin wanda ake yabawa a bayan ido, a gaban ido kuwa mutum ya ji kamar ya shaƙe shi.

A ƙarƙashin ƙasa ya fara neman abinci, cikin mahaƙar jan ƙarfe, kamar ubansa. Dutse ya faɗo ya tafi da yatsunsa biyu na hagu, sai aka maido shi sama aka damƙa masa baro da shebur da makullin fili. Wasu sun tausaya masa. Shi kam ya ce wannan ne karon farko da dutse ya taɓa yi wa talaka alheri.

Ƙwallo ta shiga jininsa tun yana ƙarami, lokacin da ya ji a rediyon maƙwabta cewa 'yan Lubumbashi, nan tsallaken iyaka, sun ɗauki kofin zakarun ƙungiyoyin Afirka shekara biyu a jere. Daga nan ya haddace gasar kaf. In tsautsayi ya sa ka zauna kusa da shi da kofin munkoyo, kunun garinmu, a hannu, to ka shiga uku, sai ya jero maka wasannin ƙarshe ɗaya bayan ɗaya: wanda aka yi a Kumasi, na Konakiri, na Yawunde, na Alƙahira, wa ya ci, wa ya koma gida da kuka. Kullum da magana ɗaya yake rufewa: "Kowa ya taɓa kofin nan ban da mu. Amma zai zo, kuma a kan ciyawata za a ɗaga shi."

Akwai wani sirri a filin nan da duk garin ya sani, baƙo kaɗai bai sani ba. Gaban ragar da ke kallon tulin dattin mahaƙa, kamar taki tara daga layi, akwai ɗan tudu, ragowar wani suri da masu gina filin suka sare ba su tone ba. Tsayinsa bai kai tafin hannu ba, ciyawa ta rufe shi ruf. Kunkuru muke ce masa. Duk ƙwallon da ta zo a ƙasa ta hau kansa sai ta yi tsalle ta nufi ƙirjin mai tsaron gida. Golan baƙi zai durƙusa yana jiranta a ƙasa, ta wuce ta saman kafaɗarsa, mu kuwa mu yi ta ihu muna cewa kakanninmu ne suka buga.

Lombe a kan Kunkuru ya girma. Tun bai iya ɗaure takalmi ba ubansa ke tsayar da shi a ragar nan da yamma, ya yi ta gangaro masa ƙwallo ta kan tudun, yana cewa, "Kar ka durƙusa! Tsaya cak, za ta zo ta same ka." Ya yi haka sau dubu nawa, Allah kaɗai ya sani. Da yaron ya zama golan ƙungiyar Kansofu, ko da idonsa a rufe yake hannayensa sun san inda za su jira ta.

Shekarar da abin ya faru, Lombe na da ashirin da shida. Ƙungiyarmu ta yi ta kayar da manya har mutane suka daina dariya suka koma tsoro. Sai ga mu a wasan ƙarshe na kofin zakarun Afirka, gida da waje, da wata babbar ƙungiya ta Arewacin Afirka. Can gidansu aka fara. Lombe ya kama duk abin da suka jefo masa, aka tashi babu ci. Saura wasa ɗaya, a Kansofu, nan da mako biyu.

Kwana uku da dawowarsu masu duba fili suka iso, mutum uku cikin kwat, ɗayansu sai Faransanci. Suka ƙirga kujeru, suka leƙa banɗaki, suka auna raga. Har sun juya za su tafi, sai mai Faransancin ya taka Kunkuru. Ya tsaya. Ya sake takawa da ɗaya ƙafar. Ya tsuguna ya shafa, kamar mai taya akuya. Hukuncinsu bai da tsawo: ko a baje wurin kafin su dawo ranar Laraba ta sama, ko a mayar da wasan babban birni, tafiyar yini guda a mota.

Kocinmu, wanda muke kira Ba Kabungo don girmamawa, ya sami Bashi Lombe a ɗakin ajiyar kaya yana wasa shebur.

"Bashi Lombe, ka ji abin da suka ce. To, ni ba cewa na yi ka ƙi ba. Ka aske masa kai kawai. Ka bar mana ɗan wani abu, ko yatsa biyu ne."

"Yatsa biyun da nake da su na bar wa mahaƙa, Ba Kabungo. Ba ni da wasu."

"Kai dai ba a yi maka magana ka amsa kamar mutum. Wa zai gane? Mutumin nan ba zai sake tsugunawa ba."

"In ya tsuguna fa? Ka ga mutumin da ke shafa ƙasa kamar surukarsa ce ta aiko shi? Su ɗauke wasan, tsofaffin garin nan su ji a rediyo? Uwar yaron nan ba ta taɓa wuce tasha ba. A nan za ta ga ɗanta ya ɗaga kofi."

Gaskiyarsa ke nan, amma ba duka ba. Ni da na san shi na san akwai girman kai a ciki. Za a nuna filinsa a talabijin daga nan har bakin teku, kuma ba ya son wani ƙato a wata ƙasa ya nuna allo da baki ya ce, dubi gonar dankalin da suke wasa a kai.

Ya yanke ciyawar wurin fala-fala ya ajiye a inuwa. Ya tone surin har gindinsa, baro goma sha ɗaya na jar ƙasa mai tauri, ya juye a bayan rumfar 'yan kallo. Ya cike ramin, ya daddaɓe, ya ja igiya ya auna, ya sake daddaɓewa, sannan ya mayar da ciyawar ya yi ta shayar da ita. Matarsa Bana Lombe, wato uwar Lombe, wadda ke sayar da chikanda, wani abinci mai kama da alala, a ƙofar fili, ta kawo masa nshima, tuwon masara, da ƙananan kifi ta tsaya tana kallonsa.

"Shekara ashirin ina roƙonka ka gyara mini dokin ƙofar kicin, ka ce bayanka. Yau ga ka kana rarrafe saboda mai Faransanci."

"Dokin ƙofarki za a nuna a talabijin?"

"Ka dai faɗa wa yaron."

"Ya sani mana. Duk garin ya sani."

Lombe ya sani, ba shakka. Ya zo ya taka wurin, ya yi dariya ya ce da ubansa, "Tata, ka yi wa tsohon abokina kaciya." Sun yi atisaye a kai sau biyu kawai, don uban ya hana a tattaka sabuwar ciyawa. Ranar Laraba mai Faransanci ya dawo, ya tsuguna kuwa, ya shafa, ya miƙe ya ba Bashi Lombe hannu. A ranar ko sarki bai kai shi tafiyar ƙasaita ba.

Ranar wasa an rufe kasuwa, an rufe makarantu, mutane har kan tulin dattin mahaƙa. Kofin na kan tebur a gefen fili, rana na dukansa, taki kaɗan daga inda Bashi Lombe ya zauna a kan baronsa. Kafin hutun rabin lokaci muka ci ɗaya. Ba zan iya kwatanta ƙarar ba, na dai san wata mata kusa da ni ta rungume ɗan sanda har hularsa ta faɗi.

Bayan hutu Lombe ya koma ragar da ke kallon tulin datti. Suka taso mana kamar ruwan sama, yana kamawa, yana naushewa, yana yi wa 'yan bayansa tsawa. Saura minti huɗu, wani ɗan wasansu da ya gaji ya rasa wanda zai ba, sai ya buga daga nesa don kawai ya rabu da ita. Bugun banza ne, a ƙasa, ba ƙarfi, ko tsohuwa za ta tare da zani. Ta gangaro tsakiya sak, ta inda Kunkuru yake a da.

Lombe bai durƙusa ba. Ya tsaya cak, ya buɗe hannaye a ƙirji yana jiranta. Ita kuwa ta bi ƙasa sumul, ta ratsa tsakanin ƙafafunsa, ta shige raga a hankali.

A duk filin mutum ɗaya ne ya gane abin da ya faru tun kafin ƙwallon ta iso, shi ne mai zaune a kan baro. An ce ya miƙe ya yi ihu, "Durƙusa!" Wa zai ji shi?

Aka tashi ɗaya da ɗaya. Dokar gasar a lokacin ita ce in aka yi kunnen doki, wanda ya ci ƙwallo a gidan abokin karawarsa shi ya yi nasara. Ba su doke mu a can ba, ba su doke mu a nan ba, amma suka ɗaga kofin a kan ciyawar Bashi Lombe, suka yi hoto a daidai wurin da ya fi ko'ina laushi.

Kafin rana ta faɗi magana ta zaga gari cewa Lombe ya sayar da wasa. Mutanen da jiya suke raɗa wa jariransu sunansa, su ne suka jefi rufin gidansu. Ina jin kunyar garinmu har yau in na tuna. Bashi Lombe ya bi mashaya, ya bi tasha, ya tsaya ƙofar coci, yana rantsuwa cewa laifinsa ne, shi ya koya wa yaron tsayuwa, shi kuma ya janye ƙasar daga gabansa. Sai a bushe da dariya, ana ce masa Shikulu, wato kaka.

"Haba Shikulu! Wa ya taɓa jin an ci gola don fili ya yi kyau? Je ka dai, ɗa ɗa ne, mun gane."

Lombe ya yi kwana tara bai fito ba. A na goma ya fito da jaka da safe, ya sami ubansa a tsakar gida. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi sauƙi.

"Tata, Ba Kabungo ya ce ya roƙe ka ka bar yatsa biyu."

"Ya roƙa."

"Me ya sa ba ka bari ba?"

Bashi Lombe ya dubi hannunsa na hagu. Lombe ya durƙusa ya gaida uwarsa, ya ɗauki jakarsa. Daga baya aka ji yana tuƙa babbar mota tsakanin iyaka da Dar es Salaam. Yakan aiko wa uwarsa atamfa da man girki. Da ta rasu ya zo jana'iza, ya tsaya can baya, ya juya tun kafin a watse, bai bi ta hanyar fili ba.

Ƙungiyar ba ta sake kai ko kusa ba. Aiki ya ja baya a mahaƙa, 'yan wasa suka watse, aka sallami Bashi Lombe da agogon bango da takardar yabo. Bai mayar da makulli ba, ba wanda ya tambaye shi kuma. Ya daina jero wasannin ƙarshe. In wani ya tsokane shi ya ce, "Shikulu, wa ya ɗauka bana?" sai ya ce bai sani ba, alhali ya sani.

Tulin jar ƙasar nan na bayan rumfa, kabewa har ta fito a kai. Wata damina, yana da kusan saba'in, aka ga tsoho da baro yana kwasarta. Da can yini biyu ya yi yana fitar da ita, mayarwa kuwa sai da ta ci masa wata guda, don yanzu rabin baro yake iya turawa. Ya tone, ya zuba, ya daddaɓe, yana gangara ƙwallo yana gyarawa, har ta yi tsallen da ya sani. Sannan ya tafi tasha ya sami Sichone, wani direba da ke haɗuwa da Lombe a layin iyaka.

"In ka gan shi, ka ce na mayar da Kunkuru. Yana nan yadda yake, ko yatsa bai ragu ba. Ka ce ya zo ya gani."

Sati uku yana zuwa tasha kullum da safe, sanye da rigarsa ta coci. Ranar da Sichone ya dawo, ya daɗe yana kakkaɓe taya kafin ya juyo.

"Na gan shi, Shikulu. Yana lafiya, ya yi ƙiba ma. Na faɗa masa."

"To? Me ya ce?"

"Ya ce in gaishe ka da kyau, ka daina wahalar da bayanka." Sichone ya sunkuyar da kai. "Ya ce in faɗa maka, 'An riga an busa tashi, Tata.'"

Tsohon ya gyaɗa kai, ya yi godiya, ya tambayi lafiyar hanya kamar yadda ya kamata. Bai yi kuka a tasha ba, sai da ya kai fili.

Yana nan da ransa. In ka bi ta wajen da la'asar za ka gan shi, awaki na kiwo a gefensa ba ya ko kula su. Yakan tsaya nesa kaɗan da ragar da ke kallon tulin datti, ya gangara wata tsohuwar ƙwallo a ƙasa. Ta hau Kunkuru, ta yi tsalle daidai ƙirjin mutum, ta faɗa cikin ragar da ba kowa. Sai ya taka a hankali ya ɗauko ta, ya dawo ya sake.