Harafin da Kawu Bai Tabbatar Ba

Kawuna gyaran rediyo yake yi, a wani ɗan shago ƙarƙashin bene mai ƙaurin dalma. Kunnensa ne jarinsa. Kafin ya kwance rediyo zai gaya maka ciwonta. Turancinsa kuwa tsintuwa ne, abin da ya kwasa daga bakin akwatunan da yake gyarawa.

Autansa ya tafi haƙar ma'adinai wata ƙasa mai nisa. Ranar da ramin ya rufta da su, wani ma'aikacin kamfanin ya kira wayar shagon. Layin ba kyau. Mutumin ya faɗi wani abu da Turanci game da waɗanda suka fito da rai, sai wayar ta yanke. Ba a sake samunsa ba. Kamfanin ya rufe, ba gawa, ba labari.

Kawu ya je wurin maƙwabcinsa, wani tsohon malamin makaranta, ya maimaita masa abin da ya ji.

"Few ya ce, ko a few?" malam ya tambaya.

"Da bambanci ne?"

"Sosai. Duka biyun 'kaɗan' suke nufi. Amma in da harafin 'a' a gaba, ƙarfafa maka gwiwa yake: akwai waɗanda suka tsira. In babu, ta'aziyya yake maka a fakaice."

"To, yawan mutanen fa?"

"Yawan na iya zama iri ɗaya. Abin da yake so ka ji ne ya bambanta."

Kawu bai san ko ya ji harafin ba.

Tun daga nan, duk mai jin Turanci da ya kawo gyara sai Kawu ya roƙe shi ya faɗi kalmomin biyu, shi kuma ya rufe ido yana saurare. Wata rana ya dawo gida ya ce wa matarsa ta share ɗakin Auta. Wata rana ko abinci ba ya taɓawa. Bai yarda a yi masa gaisuwar mutuwa ba, bai kuma taɓa cewa jira yake ba.

Da tsufa ya zo, ya kurmance, ya bar shagon. Na je duba shi a ciwonsa na ƙarshe, ya riƙe hannuna.

"'Yar nan, yanzu na fi jin muryar mutumin," ya ce. "Akwai wani ɗan sauti kafin kalmar. Ko harafin ne, ko numfashi ya ja."

Bayan rasuwarsa, matarsa ta ci gaba da share ɗakin.