Ranar da Aka Kira Ɗan Ƙanena Mushe a Agadas

Ana idar da sallar asuba na fito daga gidan da nake gadi, nake kuma zaune da iyalina, a Nassarawa GRA, na tarar da Nasiru a bakin ƙofa da huhun goro. Ɗan marigayi ƙanena ne, malamin firamare a Hotoro. Sun daidaita da wata 'yar Agadas da ta zo karatun jinya Kano, ni kuma baffansa aka ɗora wa zuwa neman aure. Matata ta biyo ni har titi tana cewa, "Malam, don Allah ka bar zuciyar nan a gida." Ta san ni. Saurin fushi ya raba ni da mutane da dama, wasu har sun rasu ban nemi gafararsu ba.

Kano zuwa Damagaram

Muka bi ta Kazaure da Daura. A kan iyaka wani jami'i ya taɓa huhun ya ce, "Baba, na sayarwa ne?"

"Na aure ne."

"A wannan shekarun? Allah ya ƙara ƙarfi!"

Na nuna masa angon, na ba shi goro, muka wuce. A tashar Damagaram muka kwana, bayan mun ci tuwon gero da miyar kuka.

Damagaram zuwa Agadas

Daga Tanut itatuwa suka fara ƙarewa, sai rairayi da raƙuma jefi-jefi. Na ɗauka na san zafi, ashe na Kano wasa ne. Ruwan jarka ya koma kamar an dafa. Direba ya ce, "Ku jiƙa rawani ku rufe hanci, kada wanda ya buɗe taga." Gab da magariba muka hango hasumiyar garin.

Agadas

Mai masaukinmu Malam Agali ne, baffan yarinyar, dattijo mai amawali. Da sassafe ya zaga da mu, don daga hantsi zuwa la'asar ba mai fita sai dole. Ya kai mu hasumiyar babban masallaci, ginin ƙasa zalla da itatuwa a jikinta, ta daɗe ɗaruruwan shekaru. Matakalar matsattsiya ce, da rarrafe na ƙarasa. Daga sama muka ga tsohon gari ja wur, da fadar Sarkin Abzin, da kasuwar raƙuma. Ya ce tun zamanin kakanni ayari ke ɗauko gishirin Bilma ya bi ta nan zuwa Kano, ya dawo da turkuɗin Kura. "Wannan da ke kaina ma rininku ne."

Bayan la'asar dattawa suka hallara, Nasiru yana waje. Aka kawo shayi da cuku da dabino, na gabatar da buƙata. Malam Agali ya gyara zama ya ce, "Mun bincika. Kowa ya shaida mana yaronku mushe ne, mushe na gaske."

Kaina ya ɗau zafi. Na dire kofi, na miƙe, na jawo takalmina.

"Maraya, da ransa da lafiyarsa, za ku kira mushe a gabana? In ba ku bayarwa ku ce ba ku bayarwa!"

Can sai Malam Agali ya fashe da dariya har amawalinsa ya zame.

"Malam, zauna! Ai ni kaina mushe ne, na tsufa ina koyarwa. A nan haka ake kiran malamin makaranta, kalmar Faransawa ce."

Na ajiye takalmin, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce, "Ku yafe mini. A wajenmu mushe dabbar da ta mutu ba yanka ce." Dariya ta sake ɓarkewa, ni kuwa na tabbata na ɓata wa yaron nan aure.

Wani tsoho daga cikin dattawan ya ɗaga hannu. "Wanda ya tashi haka saboda ɗan ƙanensa ba zai bari a wulaƙanta 'yarmu a gidansa ba. Mun ba ku." Aka raba goro, aka shafa fatiha.

Komawa gida

Ta hanyar da muka zo muka koma, da guzurin dabino da kantun gishiri. Muna isa Kano muka zarce Tudun Wada wajen mahaifiyar Nasiru. Tun daga zaure take tambaya, "Yaya, me suka ce?"

"Sun ce ɗanki mushe ne."

Ta dafe ƙirji.

"Kuma sun ba shi mata."

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Mutanen Agadas kuwa, da suka ga halina suka mayar da shi alheri, Allah ya saka musu, ya ba su damina mai albarka.