Bishiyar da Mai Fenti Ya Tsallake

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana shiga daji da gwangwanin jan fenti. Duk bishiyar da ya shafa wa, masu zarto su biyo bayansa su kayar. Mai Fenti kowa ke kiransa, har jikokinsa.

Yana da wata ɗabi'a da kamfanin katako bai sa shi ba. Kafin ya shafa, sai ya ƙwanƙwasa gindin da ƙotar gatari, ya kafa kunne. Cilakowa idan za ta yi ƙwai kogon bishiya take shiga, a liƙe bakin da laka, a bar 'yar tsaga, mijin ya riƙa miƙo mata abinci har 'ya'yan su yi fiffike. In ya ji motsi a ciki, sai ya wuce da fentinsa.

A shekararsa ta ƙarshe ya tsallake wata tsohuwar maɗaciya.

"Baba, ido ne ya gaji ko fenti ne ya ƙare?" in ji babban mai zarto.

"Akwai mai jego a ciki."

"To, Allah ya raya. Mu dai nuna mana maƙwabtanta."

Ya nuna musu. Manyan bishiyoyin suka faɗo, suka danne ɓauren da tsuntsayen ke ci. Cikin kwana goma maɗaciyar ta rage ita kaɗai a tsakiyar fili.

Mijin cilakowar ya koma neman abinci can nesa, yana ƙetare sarari babu maɓoya. Kawo abinci sau goma a wuni ya koma sau uku. Wata safiya Mai Fenti ya tsinci gashin tsuntsun a kan kututture. Shaho ya riga ya gama da shi.

Mai Fenti ya aro tsani. Kullum sai ya hau, gwiwoyinsa na ƙara, ya tura yankan gwanda ta tsagar, baki ya leƙo ya karɓa.

"Malam, ni ko ruwa ba ka taɓa miƙo min ba ina jego," in ji matarsa.

"Ai ke ba a liƙe ki ba."

Rana ta goma sha tara ya tarar lakar ta fashe. Ɗa guda ya bushe a cikin kogon. Uwar da ɗayan suna kan reshe, suna duban kututture har iyakar gani. Sun daɗe kafin su tashi.

Shi ma ya daɗe a gindin tsanin, gwandar na hannunsa.